Donkey Kong ɗina mataki uku ne kawai, an cuce ni ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Yayana ya kawo min tsohuwar Famicom, na'urar gem ta Nintendo ta Japan, mai fari da ja ɗin nan, tare da adaftarta da kaset ɗin Donkey Kong. Ban jona ta ba tukuna. Na gwada kaset ɗin a gem ɗin China na maƙwabcina, sai na ga mataki uku ne suke ta maimaituwa, alhali a YouTube huɗu na gani. Mai gyara ya ce ko dai jabu ne, ko datti ne ya ɓoye na huɗun, in hura masa iska. Ya kuma ce in kawo na'urar ya samo min duk adaftar da bakinta ya shiga. Hankalina bai kwanta ba, kuɗi mai yawa aka kashe.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka game da kaset, ba a cuce ka ba. Abin tsoro yana cikin maganar adafta, kuma can zan fi daɗewa.

Mataki huɗun da ka gani na babbar na'urar gidan wasa ne, wadda Nintendo ta fitar a 1981: na ganguna a mita 25, na bel mai ɗauke da kwanonin siminti a mita 50, na lif a mita 75, sai na cire ƙusoshi a mita 100. Da aka fitar da Famicom ranar 15 ga Yuli, 1983, Donkey Kong yana cikin gem uku na farko, kuma tun ranar babu matakin siminti a cikinsa. Gaba ɗaya kaset ɗin kilobayit 24 ne, 16 na manhaja, 8 na hotuna. Na NES, wato sigar Famicom da aka fitar a Amurka, ma haka yake. Datti ba ya cinye mataki ɗaya ya bar uku. Kaset mai datti ko dai ya ƙi tashi, ko hoto ya wargaje, ko ya tsaya cak.

Kuma ba Famicom kaɗai aka rage wa ba a cikin na'urorin gem na gida. Na ColecoVision na 1982 uku ne, shi ma ba siminti, har ma goggon birin yana tsaye a dama a matakin farko maimakon hagu. Na Atari 2600 da na Intellivision biyu-biyu ne, ganguna da ƙusoshi, kuma na 2600 ɗin a kilobayit 4 aka cusa shi, wanda a ganina aikin gwaninta ne duk da munin hotonsa. Na Atari 7800 uku ne. Kwamfutocin gida ne suka fi samun rabo: na Atari 800 na 1983 yana da huɗun cif, haka na Commodore 64. Idan simintin kake marmari, na Game Boy na 1994 da huɗun yake farawa kafin ya zarce zuwa mataki 101, sannan a 2018 an saka ainihin na gidan wasa a Nintendo Switch.

Yanzu ga maganar mai gyara. "In bakin ya shiga, shi ke nan" ita ce maganar da ta fi kashe irin waɗannan na'urori, kuma kullum sai an ji ta a bakin mutanen da ko mitar auna wuta ba su ajiye a teburinsu ba. Shigar baki girman rami kawai yake nunawa. Bai ce komai ba game da irin wutar da ke fitowa.

Famicom wutar DC take ci, irin ta batir, bolt 10, miliamfiya 850, kuma tsakiyar bakin shi ne mai alamar ɗebewa, bayansa mai alamar tarawa. Wannan akasin yawancin adaftocin da ke gidajenmu ne. Ta dikoda da ta rauta galibi bolt 12 ne, tsakiyarsu tarawa, kuma bakinsu kan shiga ramin Famicom lafiya lau. Kana kunnawa wuta ta shiga a juye. A ciki akwai wani ɗan ƙarfe mai ƙafa uku, lambarsa 7805, manne da faifan sanyaya, aikinsa rage wutar zuwa bolt 5. Shi da kafasitan da ke gabansa su ne na farko da za su ji jiki. Za ka ji warin ƙonewa, wani lokaci da ɗan hayaƙi, kafasita ya kumbura. In ka yi sa'a a nan ɓarnar za ta tsaya, kuma 7805 ba shi da tsada. In ba ka yi sa'a ba wutar ta wuce ta taɓa manyan cif biyu na kamfanin Ricoh, 2A03 da 2C02, waɗanda an daina ƙera su, sai dai a ciro daga wata tsohuwar na'urar.

Mafi muni ita ce adaftar NES ta Amurka. Mutum zai ga Nintendo a jikinta, ya ga bolt 9, ya ce ai gida ɗaya ne. AC take fitarwa, irin wutar soket, ba DC ba. NES tana da abin da ke mayar da AC zuwa DC a cikinta, shi ya sa take haƙuri da kusan duk abin da aka ba ta, kuma daga nan wannan gurguwar fahimta ta samo asali. Famicom ba a yi ta don karɓar AC ba. Mai gyaran da ya taɓa sa adafta barkatai a NES ta tashi, sai ya ɗauka doka ce ta kowace na'ura, ya je yana gwaji da kayan mutane. In ta ƙone kuma ya ce dama tsohuwa ce.

Ita adaftar da ta zo da na'urar, ka gode wa Allah da ba ka jona ba. Duba bayanta za ka ga AC100V. Wutar Japan ke nan. Tamu bolt 230 ce, fiye da ninki biyu, kuma kana cusa ta a soket taransifomar cikinta za ta ƙone, wataƙila ta tafi da na'urar. Ɗan abin nan mai sauya bakin fulogi daga mai faɗi zuwa mai ƙafa uku ba ya rage wuta ko kaɗan, siffa kawai yake sauyawa. Taransifomar rage wuta da ke kasuwa yawanci 110 take bayarwa, za ta yi aiki amma tsohuwar adafta mai shekara arba'in za ta riƙa zafi. Ni shawarata ka ajiye ta a matsayin kayan tarihi, ka sayi sabuwa.

Ga abin da za ka nema a rubuce a jikinta: shigar wuta 100 zuwa 240, fitarwa DC bolt 9 (ya isa, tunda 7805 zai rage shi zuwa 5), amfiya 1 ko sama da haka, baki milimita 5.5 da 2.1, zanen da ke nuna alamar ɗebewa tana tafiya zuwa ɗigon tsakiya. Amfiya ta fi yawa ba matsala, na'ura abin da take buƙata kawai take ja. Bolt ne ba a so ya yi yawa, don rarar 7805 ne ke mayar da ita zafi, ga zafin garinmu. Adaftar na'urar gem ta Sega Mega Drive ta farko wadda aka yi don wutar 220 zuwa 240 ta dace. Ta Mega Drive 2 ba ta dace ba, tsakiyarta tarawa ne. Kada ka yarda da rubutu kaɗai, a auna a gabanka: a sa mita a DC 20, jan tsinke cikin ramin baki, baƙin a bayansa. Dole ka ga alamar ɗebewa gaban lambar, kamar −9. In ba ta fito ba, kada a jona. In kuma janareta kake amfani da shi, bari ya daidaita kafin ka kunna, kuma ka zare adafta da zarar an ɗauke wuta.

Hura iska kuma ka daina. Danshin baki ne kake fesa wa haƙoran tagulla 60 da ke ƙarƙashin kaset, ya haɗu da ƙurar hunturu, a hankali su yi kore. Abin da ke sa ya tashi bayan hurawa cirewa da mayarwa ne. Sami auduga mai tsinke, ka ɗiga mata sifirit irin na isopropyl mai ƙarfin kashi 90 zuwa sama, ka goge gefe biyun har auduga ta daina baƙi, ka bar shi minti biyar ya bushe. Kada ka bari a ɓalle kaset ɗin, ƙugiyoyin roba ne suka riƙe shi kuma karyewa suke yi.

Saura talabijin. Famicom mai fari da ja ta wayar eriya take fitar da hoto, a tasha ta 1 ko ta 2 ta Japan, a tsarin NTSC, mu kuma PAL muke. Za ka iya ganin baƙi da fari, ko hoto ba murya, ko ba komai, na'urar kuma lafiyarta ƙalau. Maganinsa a fitar mata da wayar AV daga ciki, aikin taransista ɗaya da 'yan resista da kafasita. Ka kai wa wanda ya taɓa yin irinsa ya nuna maka tana aiki, kuma ka tafi da adaftarka da aka riga aka auna.