Ɗana yana da 14 a makarantar kuɗi, ɗan ƙanena 11 a lise: wa ya fi karatu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Garwa, ƙasar Kamaru. Bara ɗana yana aji 4ème (shekara ta uku ta sakandare) a lise, wato sakandaren gwamnati, da ƙyar yake kai 10 bisa 20. Bana na mayar da shi makarantar kuɗi, sai ga shi da 14 a zango na farko. Ɗan ƙanena yana nan a lise da 11, amma idan suna bita tare shi ke koya wa nawa lissafi. Makarantar kuɗin ce ta fi koyarwa, ko maki kawai suke rabawa? Ga BEPC na tafe, jarrabawar ƙasa ta ƙarshen aji 3ème da yake ciki yanzu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Abin da ka gani da idonka, mai 11 yana koya wa mai 14, ya fi takardar sakamakon nauyi, kada ka raina shi. Makin aji awo ne da mudun makarantar da ta ba da shi, kuma mudu ya sha bamban. Yaro yana iya tashi daga 10 zuwa 14 cikin wata uku, amma ba kasafai ba, don haka ya cancanci bincike.

Ɗauko takardar sakamakon, wadda muke kira biltan. A ƙasanta za ka ga matsayinsa a aji, da mwayen (matsakaicin maki) ɗin aji gaba ɗaya, da na wanda ya zo na ɗaya da na ƙarshe. Idan ɗanka yana da 14 alhali mwayen ɗin aji 13.5 ne, to tsakiyar aji yake, malamai ne masu sakin hannu. Idan ɗan ƙanenka yana da 11 a ajin da mwayen ɗinsa 8.5 ne, yana cikin na gaba-gaba. Ajin da ɗalibin ƙarshe yake da 11, babu ko ɗaya ƙasa da 10, abin tuhuma ne.

Sai ka bi darussa ɗaya bayan ɗaya, domin kofisiyan, wato lambar da ake ninka makin kowane darasi da ita, yana ɓoye rauni. A ce yaro ya samu 6 a lissafi mai kofisiyan 4, ya zama 24. 8 a Faransanci mai 4, ya zama 32. 14 a tarihi mai 2, 28. 18 a wasanni mai 2, 36. 16 a kwamfuta mai 2, 32. 18 a aikin hannu mai 1, 18. Jimla 170, a raba da jimlar kofisiyan 15, ya tashi da 11.3. A takarda ya ci, a zahiri lissafi da Faransanci duk sun kayar da shi, kuma su ne ƙashin bayan BEPC. Makarantar da ke son faranta wa iyaye ta ƙananan darussan nan take cika buhu.

Dalilin sakin hannun kuɗi ne. Makarantar kuɗi da ba ta yi suna ba tana rayuwa da yawan ɗalibai, kuma mai makaranta ya san uban da aka maimaita wa ɗansa aji zai kwashe shi zuwa wani wuri. Malamai da yawa a can ’yan haya ne, da awa ake biyan su, wanda ya cika ba da 5 da 6 ba lallai a sake kiran sa baɗi ba. Sai ka ga ana ba da jarrabawa daga ainihin aikin da aka warware a allo kwana biyu kafin nan, ko a ƙara maki biyu don tsabtar littafi. Sau da yawa ma malamin lise ɗin ne yake zuwa can koyarwa a sa’o’in da ba shi da aji, mutum ɗaya da alƙalami biyu.

Amma kada a yi musu kuɗin goro. Makarantu masu zaman kansu a Kamaru kashi huɗu ne: na Katolika, na Furotestan, na Musulunci, da na ’yan kasuwa. A jerin da hukumar jarrabawa ta OBC ke fitarwa kowace shekara bisa sakamakon Probatoire da Bac, jarrabawoyin azuzuwa biyu na ƙarshen sakandare, makarantu irin su Jean Tabi ta Yawunde da Libermann ta Duwala sun daɗe suna sahun gaba, kuma duka biyun na Katolika ne. Irin waɗannan sun fi lise tsauri: sai da jarrabawar shiga, gwaji a kai a kai, wanda ya gaza a sallame shi. Wani ɓangare na nasararsu daga tankaɗe ɗalibai yake tun a ƙofa, abin da lise ba ta da ikon yi yadda take so.

Ita ma lise ƙarancin makinta ba kullum yake nufin inganci ba. Malamanta da dama sun fito daga makarantun horar da malamai irin ta Marwa, albashinsu ba ya hannun iyaye, shi ya sa ba sa jin nauyin rubuta 7. Matsalar cunkoso ce. Malami mai aji 5, kowanne da ɗalibi 100, yana da takarda 500 a gwaji guda. Minti 5 ga kowace takarda ya haura awa 41. Dole ya rage gwaji, ya ja jan layi ba bayani, yaro ya karɓi 7 bai san inda ya kuskure ba. Ga malamin da aka turo arewa bai iso da wuri ba, sai ƙungiyar iyaye ta APEE ta ɗauki na wucin gadi, shekara ta ƙare ba a gama manhaja ba. A nan makarantar kuɗi mai ɗalibi 40 a aji tana da fifiko na gaskiya, idan ana duba aikin gida.

Ranar jarrabawar ƙasa duk mudu ɗaya ake awo da shi: tambayoyi ɗaya, an rufe suna, mai gyara bai san yaro ba. A 2024, da aka tsaya kan 10 bisa 20 a matsayin makin ci ba sassauci, waɗanda suka ci Bac na ilimin gama-gari ba su kai kashi 40 cikin 100 ba, bayan a 2023 sun haura kashi 70.

Don haka ka gwada yaran biyu da kanka tun yanzu. Nemi tambayoyin BEPC na shekarun baya, lissafi da Faransanci, ana sayar da su a shagunan littattafai. Ranar Asabar ka zaunar da su a zaure, ba waya ba littafi, ka ba su daidai lokacin da aka rubuta a saman takardar. Cire sunayensu ka sa lamba, ka kai wa malamin da ba ya koyarwa a ɗaya daga makarantun biyu ya gyara. Tazarar maki 1 ko 2 tsakanin wannan da makin aji ba komai ba ce. Idan mai 14 ya dawo 8 ko 9, makin makarantar kumbura ne, kuma ka san darasin da za ka nema masa mai bita tun da sauran lokaci.

Ka kuma je makarantar ka nemi takardun gwajinsa da aka gyara, ka duba ko tambayoyin sun yi kama da na BEPC, ko malami ya nuna kuskure da gyaransa. Idan suka nuna maka allon da aka rubuta kashi 100 cikin 100, tambaye su lamba uku: ɗalibi nawa ne a 3ème farkon bara, nawa aka yi wa rajista da sunan makarantar, nawa suka ci. Wasu makarantu suna tura raunanan ɗalibai su yi rajista a matsayin masu zaman kansu don kada su ɓata musu lissafi. Idan 60 suka fara aka yi wa 35 rajista, ka nemi sanin inda sauran 25 suka shiga kafin ka biya kuɗin zango na gaba.