Asalin kalmar "very" da dalilin rashin "-ly" a ƙarshenta

Malama, kin tambayi abin da ya hana "very" ɗaukar ɗafa-ƙeyar "-ly" kamar su "quickly" da "slowly", alhali ita ma bayanau ce, wato kalma mai ƙarin bayani a kan aikatau ko sifa. Na daɗe ina koyar da Turanci a sakandare, kuma amsar da nake ba ɗalibaina ita ce, kalmar ba a matsayin bayanau ta shigo harshen ba.

Baƙuwa ce daga Faransa. Bayan William na Nomandi ya ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu, kalmominsa kuma suka yi ta gangarowa zuwa bakin talakawa. A cikinsu akwai "verai", wadda ta bayyana a rubutun Turanci a ƙarni na 13 a matsayin sifa mai nufin "na gaskiya". Tushenta shi ne "verus" na Latin, wanda daga gare shi "verify" da "verdict" suka fito, har yau kuma Faransawa "vrai" suke cewa. Ita kuwa "wahr" ta Jamusanci, mai wannan ma'ana, ba aro ba ce, kakansu ne ɗaya da ta Latin ɗin.

Kafin zuwanta, Turawan Ingila da "swithe" suke ƙarfafa magana, daga baya "full" da "right" suka karɓi aikin. Sai wajen ƙarni na 15 "very" ta fara shiga gaban sifofi, ma'anar gaskiya ta yi ta dusashewa har ƙarfafawa kaɗai ta rage. Wannan bai kamata ya ba Bahaushe mamaki ba, domin idan muka ce abinci ya yi daɗi ƙwarai da gaske, ba musun wani muke karewa ba, yawan daɗin muke nufi. Tsohuwar ma'anar tana nan a "the very day", wato ainihin ranar, da kuma a "verily", wato haƙiƙa, inda aka liƙa mata "-ly" ɗin da kike nema.

Ina ba ki shawara ki koyar da wannan tarihi a aji, kada ki bar shi a littafi. Duk lokacin da nake duba takardun jarrabawa sai na ci karo da "I very like rice". A ganina, yaron da ya san kalmar a gaban suna ta fara zama, sannan ta koma gaban sifa, zai fi saurin gane cewa ba ta riƙe aikatau ita kaɗai, sai an haɗa ta da "much".