Mahaifinta zai aurar da ita don a yafe masa bashi, alhali tana karatu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. 'Yata shekararta 14, tana sakandare. Bashi ya yi wa mahaifinta katutu, sai mai bashin ya ce in an ba shi ita ya yafe, kuma zai bar ta ta ci gaba da karatu. Yarinyar kullum cikin kuka take. Maigidan ya ce uba yana da ikon tilasta wa budurwa, ni ba ni da ta cewa. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Baiwar Allah, Allah Ya yaye muku wannan ƙunci. Da ba ki ambaci bashin ba, da amsar ta bambanta. Sadaki haƙƙin yarinya ne, aya ta 4 a Suratun Nisa'i ta wadatar, kuma uba ba ya biyan bashinsa da abin da ba nasa ba.

Maganar tilastawa ba ƙirƙirar ta ya yi ba. Malikiyya sun ba uba ikon ijbari, wato tilasta aure, a kan budurwa, yana nan a Risala. Amma me ya sa aka keɓe uba da wannan iko, aka hana baffa da yaya? Saboda ana zaton ba wanda ya kai shi tausayinta da duba mata maslaha. To yau maslahar wa ake dubawa? Wanda mai bashi ya shaƙe wa wuya wuyansa yake ceto. Malikiyyar ma sun ce ba ya tilasta mata auren da cuta ta bayyana a cikinsa. Abu Hanifa kuwa bai yarda a tilasta wa baliga ba, Ibn Taimiyya ma haka, kuma Abu Dawud ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa wata budurwa ta kai ƙara an aurar da ita ba ta so, Annabi (SAW) ya ba ta zaɓi. Shirun budurwa da aka ce izini ne shirun kunya ne. Wadda take kuka tana cewa ba ta so ta riga ta yi magana.

Cewa ba ki da ta cewa ma akwai gyara. A Mudawwana, babban littafin Malikiyya, wata uwa ta tambayi Imam Malik game da uban da zai aurar da 'yarsu inda take ganin ba a kyauta mata ba, ya ce tana da bakin magana. Almajirinsa Ibnul Ƙasim ya taƙaita hakan ga cuta bayyananna, kuma a nan ta bayyana: raba ta da aji, ga hatsarin doguwar naƙuda ga jikin da bai gama ƙwari ba, wadda takan jawo yoyon fitsari.

Alƙawarin karatun nan kada ya ruɗe ki. Hanabila, mabiya mazhabar Imam Ahmad, suna lazimta irin wannan sharaɗi har mace ta iya neman raba auren in an saɓa, amma a Malikiyya mustahabbi ne kawai a cika shi, sai in an ɗaure shi da saki ko an mallaka mata ikon sakin kanta in an saɓa. Ko mijin na da niyya, ciki da goyo sukan rufe ƙofar makarantar. Yarinyar da aka cire a wannan shekaru da wuya ta koma, sai talaucin da ake gudu ya bi ta ɗakinta.

Saboda haka bai halatta ya ɗaura wannan aure a kan wannan sharaɗi ba. Amma kada ki tunkare shi gaban yara, mai bashi a wuya kunya ce ke cin sa. Ki sa wansa ko limamin da yake jin nauyi su zauna da shi. Wanda bashi ya yi wa katutu yana cikin mutum takwas da aka ambata a aya ta 60 ta Suratut Tauba, a nema masa zakka. Mai bashin kuma a tuna masa umarnin jinkirta wa wanda ke cikin matsi. In duk ya faskara, alƙali yana da hurumin dakatar da auren, zuwa wurinsa kuma ba saɓa wa miji ba ne. Kafin nan, kada ta fasa zuwa makaranta.

Wallahu a'alam.