Sayar da wasa ya girmi cacar waya: labarin Jim Devlin

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yaya, na saurari tambayarka, wai sayar da wasa da zuwan cacar waya aka fara shi? A'a wallahi, abin ya tsufa. Bari in ba ka na Amurka a wasansu na besbol, wanda ɗaya ke jefa ƙwallo ɗaya ya maka mata sanda.

A 1876 aka kafa babbar gasarsu, National League, kuma shekara guda kacal ta yi aka kwaɓa. To ka ga, a wancan zamanin ba kamar yau ba ne da kulob ke tara masu jifa birjik ana ta canji. Galibi mutum ɗaya ne, kuma ta ƙasa yake wurgo ƙwallon, don ba a yarda a ɗaga hannu sama da kafaɗa ba sai 1884. Kulob ɗin Louisville Grays na da wani Jim Devlin. A 1877 duk wasannin da kulob ɗin ya buga a gasar shi kaɗai ya yi jifa, daga farko har ƙarshe, ba wanda ya karɓe shi ko sau ɗaya. Ka ga kenan ɗan caca ba sai ya sayi kulob ba, mutum guda ya ishe shi.

Har watan Agusta su ke kan gaba. Suka tafi buga wasanni a gabashin ƙasar, sai kashi a jere, kashi irin na ban mamaki, Boston ta wuce su ta ɗauke gasar. Abin da ya tona asiri? Saƙonnin tangaraho. Mataimakin shugaban kulob, Charles Chase, ya ga suna ta shigo wa wani ɗan wasa, Al Nichols, ya ce kowa ya sa hannu a buɗe nasa. Sai ga kalmar sirri, "sash", alamar an shirya da 'yan caca. Devlin da abokin wasansa George Hall suka amsa laifi. Wani ɗan wasansu Bill Craver ya ƙi a buɗe nasa, shi ma aka haɗa da shi. Su huɗu aka kora har abada.

Devlin dai ya ba ni tausayi, gaskiya. Ya yi ta zarya wurin shugaban gasar, William Hulbert, yana roƙo, mutumin nan ko gezau. Ya koma Philadelphia ya shiga aikin ɗan sanda, tarin fuka ya kashe shi a 1883 yana ɗan shekara 34.

Kuma korar ba ta hana ba. A 1919 aka sake yi a wasan ƙarshe na kofi, 'yan Chicago White Sox, nan ma ta masu jifa aka bi. Mai jifansu Eddie Cicotte ya karɓi dala 10,000, ya jefi mutumin farko da ya tsaya gabansa da ƙwallo don 'yan caca su san ciniki ya faɗa. Mutum 8 aka kora a wannan karon.

Yauwa Yaya, abin da ya sawwaƙa kenan. A gaida gida.