Taiga bab uku a tanki mai lita 40: me ya sa suke faɗa?

Malam, ka ce ka sayi taiga bab uku, ƙananan kifayen ado masu ratsin baƙi a jiki, ka zuba su a tankin gilashi mai lita 40, yanzu sun tsattsage jelar gofi ɗinka, wato kifin adon nan mai doguwar jela, kana tunanin rage su zuwa biyu. Kada ka rage, ƙara su za ka yi.

Wannan kifi asalinsa daga Sumatara da Borniyo yake, kuma a garke yake rayuwa. Idan suna da yawa, kora da cizon suna ƙarewa tsakaninsu, kowa yana neman matsayinsa. Idan sun yi kaɗan, sai su huce a kan maƙwabta ko a kan mai rauni a cikinsu. Shida ne mafi ƙaranci, ni dai na fi son takwas zuwa goma.

Lita 40 ba za ta ɗauke su ba. Kowanne yana kai kusan santimita 7 in ya girma, kuma masu gudu ne, don haka tsawon tanki ya fi zurfinsa muhimmanci. Nemi mai lita 110 ko fiye, tsawonsa ya kai santimita 90. Gofi da duk mai doguwar jela, ware musu wani wuri.

Ruwan famfo kuwa, bar shi ya kwana kafin ka zuba, don kilorin, sinadarin da ake sa wa ruwan famfo, ya fita. Canja kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan tankin duk mako. Lokacin hunturu a Kaduna ruwa yana sanyi da dare, su kuma suna son digiri 23 zuwa 27, sai ka tanadi abin ɗumama ruwa.