Jirgina ya shige sama bai dawo ba: in ɗaura wa sabon igiyar leko?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, ina zaune a Bukuru. Na ɗan jima ina ƙera ƙananan jiragen nan marasa rimot, waɗanda ake ja da zare a sake su su yi shawagi da kansu. Wanda na fi shan wahala a kansa, na katakon balsa, wani icce marar nauyi, da na saya da kuɗin da na daɗe ina tarawa, na sake shi wata Asabar da hantsi, ya yi ta zagaye yana hawa har ya zama ɗigo, ya ɓace ta bayan duwatsu. Har yau ban sake ganinsa ba. Na san akwai dabarar da ake ɗaga jelar jirgi ya sauko, amma agogon da ke yin haka ya fi ƙarfin aljihuna. Wani a zaurenmu na WhatsApp ya ce in karyi guntun igiyar leko ko lagwanin fitila in kunna, in soke shi a jikin robar da ke riƙe jelar, wai haka Turawa suke yi. Ina gab da gama sabo, kuma muna shirin 'yar gasa tsakaninmu a watan Janairu. Wallahi tsoron sakinsa nake yi. Me zan yi?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya mayar maka da alheri. Ka kwantar da hankalinka a kan abu guda: jirgin da bai daidaitu ba ba ya ɓata, a gabanka yake kifewa. Wanda iska ta ɗauke, hannunka ya yi kyau a kansa. Jirgi irin naka ba ya sauka ko rabin mita a daƙiƙa, iskar ɗumi kuwa da ke tashi daga duwatsun Jos da rufin kwano da filin da aka ƙone tana hawa mita ɗaya, biyu, wani lokaci fiye. Idan ya faɗa cikinta yana zagaye, tafiya zai yi tare da shirwa, kuma hantsi zuwa azahar shi ne lokacin da ta fi ƙarfi.

A gasa ma wannan hawan ba ya ƙara maka komai. A dokokin FAI, hukumar wasannin sama ta duniya da ke Lausanne, manyan ajujuwa irin F1A da F1B ana ƙirga musu daƙiƙa 180 ne a yawancin zagaye, ƙaramin aji irin F1H, wanda nake kyautata zaton naka ya fi kusa da shi, daƙiƙa 120. Wanda ya cika wannan lokaci da wanda ya yi awa guda a sama makinsu ɗaya, sai dai na farko yana da jirgin da zai shiga zagaye na gaba da shi. Saboda haka abin sauko da jirgi dole ne, a nan abokinka bai yi ƙarya ba.

Amma kada ka kunna wuta a jikin jirgin nan. Kada ka yi. Wannan shawarar na gaji da jin ta, kusan duk yaron da ya fara wannan harka sai wani gwani na waya ya kawo masa ita, kuma kullum da wannan hujjar ta "haka Turawa suke yi".

To bari mu duba abin da Turawan suka yi. Gaskiya ne, shekaru da yawa an yi amfani da lagwani. Amma igiyar auduga ce da aka yi musamman don wannan aiki, an san tsawon da take ci a minti guda, kuma ba a soke ta haka kawai a roba. Akwai ɗan siririn bututun alminiyom da ake mannawa a ƙarshen jirgin, a cusa gindin lagwanin a ciki. Wuta ta ci ta iso roba ta tsinke ta, jela ta ɗaga, sauran wutar ta shige bututu ta rasa iska ta mutu tun jirgin yana sama. Shi mai ba ka shawara ya ambaci bututun? Bai ambata ba, don bai san da shi ba, rabin hoto ya gani ya ɗauko. Kuma duk da bututun, su masu abin sun ga gobarar da ya jawo a busassun filaye, har filayen gasa da dama suka hana lagwani ɗungurungum.

Yanzu ɗauki igiyar leko ka dube ta da kyau. An yi ta ne don kada ta mutu, ta kwana tana ci. Ga ta da gautsi, da yatsa biyu kake karya ta. Jirgi ya taɓa ƙasa, ko jelar ta buga sama da ƙarfi lokacin da robar ta tsinke, sai guntun mai jan garwashi a baki ya ɓalle ya faɗi inda Allah ya nufa. Lagwanin fitila kuma ba shi da alƙawari: iska ta hura shi ya cinye da wuri, raɓar safe ta taɓa shi ya mutu a hanya, ka koma gidan jiya, jirgi ya sake tafiya. Shi kansa jirgin fa? Busasshen balsa ne da takarda mai shara-shara, an shafe ta da man da ke sa ta ɗame, wanda yake kama wuta nan take.

Sai ka haɗa wannan da watan da kuka zaɓa. A Janairu ciyawar Filato ta bushe ƙayau, iskar hunturu tana kaɗawa ba hutu. Yi lissafin da kanka: iska mai gudun mita 5 a daƙiƙa, wadda ba wata babbar iska ba ce a Jos, cikin minti biyu ta kai jirginka mita 600, cikin minti uku mita 900. Ke nan wutar da ka kunna da hannunka za ta sauka a wurin da ba ka gani, bayan dutse ko ƙetaren rafi, kai kuma kana nesa kana haki. Kafin ka isa ta gama abin da za ta yi. A can akwai tarin acca da ba a sussuka ba, akwai harawar da wani ya tanada wa dabbobinsa, akwai bukka, akwai lambun rani na mai dankali da kabeji da ya ci bashi ya zuba. Kai ɗan Jos ne, ba sai na yi maka dogon bayani ba. Ka san a ƙasar nan idan gona ta ƙone ba a fara tambayar wane yaro ne ya saki jirgin wasa, wani ake zarga, kuma ka san inda irin wannan zargin yake kai mutane. Dukiyar mutum amana ce ko ba ka san shi ba, kuma wanda ya saki wuta a iska ba zai ce tsautsayi ne ba, da saninsa ya saka ta. Ni ban ga jirgin da ya kai darajar rumbun talaka ba, ko da na gasar Kofin Wakefield ne, babbar gasar ƙananan jirage ta duniya da ake yi tun 1928.

Abin da ke ƙara ɓata mini rai shi ne, babu ma buƙatar wannan kasada. Je wurin masu gyaran rediyo a Taminus ka nemi matacciyar rediyo mai kaset, irin wadda ƙofarta ke buɗewa a hankali. Abin da ke rage mata gudu ɗan ƙaramin gargare ne na roba mai maiƙo mai kauri a ciki. Ciro shi, ka kafa masa ɗan guntun ƙarfe a matsayin hannu, ka manna shi a gefen jirgin kusa da fiffike. Zaren da ke danne jela ya zo ya maƙale a wannan hannun ta hanyar siririyar robar ɗaure kuɗi. Robar tana ja, hannun yana juyawa sannu a hankali, idan ya kai wani wuri zaren ya zame, jela ta tashi. Ƙarfin robar shi ke yanke tsawon lokacin. Sai dai ka kula, sanyin safiyar Jos yana daskarar da maiƙon, abin da ya ba ka minti biyu a ɗaki zai iya ba ka fiye da haka a fili, don haka ka gwada shi da agogo a wurin kafin kowane tashi. Injin kayan wasan yara da ake wanawa ma yana yi, idan aka ƙara wa abin da ke kaɗawa a cikinsa ɗan nauyi. In kuɗi ya samu daga baya, akwai na lantarki masu nauyin giram kaɗan, har da wanda ake latsawa daga ƙasa, kuma dokar gasa ta yarda da shi muddin aikinsa kawai ya kawo ƙarshen tashin.

Jelar kuma ta tashi wajen digiri 45, ka sa zaren da zai tsayar da ita a nan. Idan ta gaza haka da yawa jirgin zai yi ta tashi yana faɗuwa da ka, ko ya murɗe ya karya fiffike. Idan ta yi daidai za ka ga ya ɗaga hanci sau ɗaya, ya tsaya cak, ya dinga saukowa a kwance. Fara gwadawa da gajeren zare da ɗan lokaci kaɗan a kan ciyawa mai laushi. Ka rubuta lambar wayarka a fiffike, ka shafa wa bakinsa launi mai ɗaukar ido, domin a hazo farin jirgi yana ɓacewa tun bai yi nisa ba, kuma da ya ɓace wa mai riƙe agogo an daina ƙirga maka.

Jos tana kan tudu na kusan mita 1,200, iskarta ta fi ta bakin teku sauƙi da kusan kashi 10 cikin 100, shi ya sa jirgin da aka zana a Ingila zai ɗan fi gudu a nan. Kada wani ya ce ka ƙara masa nauyi wai don kada ya ɓata, lalata shi kawai za ka yi.

Batun fili. Zaren ja mita 50 ne, na kamun kifi, ban da waya ko wani abu mai ƙarfe, kuma nesa da turakun lantarki. Kafin ka saki jirgi ka taka da ƙafarka inda iska za ta kai shi, saboda tsakanin Bukuru da Rayfield cike yake da tsoffin ramukan kuza masu zurfin ruwa, kuma mai bin jirgi idonsa a sama yake. Ku yi nesa da filin jirgin sama na Heipang da barikin Rukuba da duk wani wurin jami'an tsaro. A 2016 hukumar NCAA, mai kula da sufurin jiragen sama a Najeriya, ta ce ba a tashin jirgi marar matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Ni a ganina kuskure ne a haɗa jirgin takarda mai giram 220, marar kyamara marar inji, da waɗancan a ma'auni ɗaya, amma bakin shingen bincike ba wurin wannan muhawara ba ne. Ku je wurin mai unguwa da ofishin 'yan sanda mafi kusa da jirgin a hannu, su taɓa shi su ga babu komai a ciki, ku kuma nemi yardar mai gonar.

Gasarku ta Janairu ku fara ta da sassafe kafin iska ta tashi, ku gama kafin rana ta take. Idan filin ƙarami ne ku rage lokacin zuwa daƙiƙa 90, ku yi zagaye biyar, kowane jirgi da mutum biyu masu agogo. Kuma ku rubuta a saman takardar dokokinku cewa duk wanda ya zo da ashana ko igiyar leko ba zai tashi jirgi ba, ko da shi ne ya kawo kyautar da za a raba.