Rinin gashi na yini ɗaya: wanki yana fitar da shi kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ƙanwata za ta yi aure wata mai kamawa, kuma ranar kamu mu mata ne zalla za mu taru. Ina sha'awar in mayar da gashina ruwan zinare na wannan yinin kaɗai, ba na son abin da zai zauna. Na ga ana sayar da na fesawa da na shafawa, ana cewa wanki ɗaya ke fitar da su. Haka ne? Gashina baƙi ne wuluk, kuma ina sa masa rilaksa. Tsorona kada ya karye.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya. Abin da kike so mai yiwuwa ne, kuma in kin sayi na gaske ba zai karya miki gashi ba. Sai dai maganar wanki ɗaya ba kowane kai take kamawa ba, naki kuwa yana cikin waɗanda sai an yi hattara.

Kowane silin gashi yana da ɓawo a bayansa, jere kamar ɓawon kifi. Rinin dindindin yana zuwa da amoniya da ke ɗaga wannan ɓawon, da feroksaid da ke cinye baƙin da kika zo da shi duniya, sannan sabon launi ya shiga ciki ya zauna. Shi ne mai raunana gashi. Na wucin gadi ba ya da ko ɗaya cikinsu. Ƙwayoyin launinsa manya ne, ba sa iya kutsawa, sai su kwanta a waje har ruwa da sabulu su ɗauke su. Don haka duk wanda aka ce sai kin haɗa kwalba biyu kafin ki shafa, ki ajiye shi, ba na yini ɗaya ba ne, ko me mai shago ya faɗa miki. Akwai kuma na tsakiya, wanda ba a haɗa shi da komai amma sai an yi wanki da dama kafin ya dushe. Shi ma ba naki ba ne.

Inda rilaksa ta shigo shi ne nan: tana barin ɓawon a ɗan buɗe, musamman a bakin gashi da ya sha ta sau da yawa. Irin wannan gashi yana shan launi ya riƙe, sai abin da zai fita a wanki ɗaya ya kai uku, wani lokaci ya wuce. Ki gwada tun yanzu a sili kaɗan daga ƙeya, ki bari ya bushe, ki wanke, ki ga yadda zai yi. Ki kuma ɗan shafa a bayan kunne ki jira awa 48. In kin ji ƙaiƙayi ko wurin ya kumbura, ki haƙura da shi. Kada ki haɗa sabuwar rilaksa da launi a mako guda, balle in ta ƙona miki fatar kai. Ki ba su tazarar mako 2.

Ni dai na shafawa zan zaɓa miki, mai kauri kamar man kitso da ke zuwa a ƙaramar roba. Yana lulluɓe baƙin gashi, don haka launin yake fitowa. Wanda ake zubawa kamar ruwa ba ya nunawa a baƙin gashi sam, asarar kuɗi ne. Mai kama da alli da ake gogawa kuwa yana busar da gashi ƙwarai, in kuma bikin ya faɗo cikin hunturu ya ƙara muni. Ki sani kuma ruwan zinare a kan baƙi yakan ɗan yi duhu, ya karkata wajen ruwan tagulla, ba zai yi hasken hoton da ke jikin robar ba.

In za ki shafa, ki wanke kai, ki bar shi da ɗan danshi, kada ki sa masa mai, domin mai yana hana launin kamawa. Ki raba gashin ƙanana-ƙanana, ki shafa da yatsu kaɗan-kaɗan ba tare da kin kai fatar kai ba, ki taje tun yana da laushi. In ya bushe ya yi tauri, kada ki sake sa masa mataji ko ƙarfen miƙar da gashi, a nan ne karyewar take faruwa. In kuma na fesawa kika samu, ki nesanta gwangwanin kamar santimita 30, ki buɗe taga. Don Allah ki yi nesa da kaskon turaren wuta, iskar gwangwanin tana kamawa da wuta, ɗakin amarya kuwa ba ya rabuwa da garwashi.

Abin da ya fi ɓata wa mata rai shi ne kaya. Da zufa ta zo launin yana bin ɗankwali da wuyan riga da matashin kai. Ki bari ya bushe sarai kafin ki sa ankonki, ki sa baƙar hula a ƙarƙashin ɗauri da mayafi sai kin isa wurin.

Ki lura da salla ma. Wannan launin yana da jiki, yana lulluɓe gashi, ba kamar lalle da ke barin launi kawai ba. Malamai suna bambanta su a maganar shafar kai da wanka, saboda haka ki tambayi malaminku, ki kuma tsara lokacin shafawa da wankewa.

Kada ki bari a sayar miki da baƙin rinin nan na ƙunshi ko wani garin da ba a rubuta abin da ke cikinsa ba. Da yawansu suna ɗauke da sinadarin PPD, wanda ke sa wasu fuska da fatar kai su kumbura har da ƙuraje masu ruwa. Ki duba lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, da ranar lalacewa a jikin robar.

Da an tashi daga kamu, ki wanke a daren da ruwan ɗumi da sabulun gashi, sau 2 in ya kama, ki bi da man laushi, sannan ki shafa man kaɗe ko na kwakwa kafin ki kwanta.